Jarrabawar Gidan Hedimasta

Ranar da Auta ta kawo wayar mahaifinta gyara, Dogo ya ɗago kai ya kalle ta, ya manta da ƙarfen liƙi mai zafi da ke hannunsa, sai da ya ji ƙaurin hannun rigarsa.

Gyaran ɗan kaɗan ne, amma ya yi ta ja da shi, kullum da sabuwar cutar da zai gano wa wayar. Har Auta ta gaji ta ce, "Malam mai gyara, wayar ce ba ta da lafiya ko kai ne?"

Daga nan soyayya ta kankama. Wata safiya ya tura mata saƙo: "Hasken shagona, yaushe zan zo gaida Baba?"

Ta amsa: "Dogona, ka zo, amma ka shirya. Baba tsohon hedimasta ne, ba ya ba da 'ya sai an zauna jarrabawar Turanci. Wani mai digiri biyu ya riga ka zuwa, ya cinye duka, har ya gyara wa Baba lafazi. Mama shi take so."

Dogo ya dafe kai. Shi da Turanci gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ga shi yana son yarinyar nan kamar ransa.

Ranar da ya je, a falon gidan su Auta akwai baƙin allo jikin bango, fes da shi, ba ko ɗigon alli. Hedimasta ya leƙo shi ta saman tabarau.

"Sunayen ƙasashe, a Turanci, proper nouns ne, wato keɓaɓɓun sunaye, ko kuwa?"

Dogo ya yi tunani iya ƙarfinsa. "Baba, ni a ganina ba sa ciki. Mutum ake kira ya amsa. Ƙasa kuwa ko wuni ka yi kana kiranta ba za ta waiwayo ba."

A bayan labule Mama ta yi tsaki. Hedimasta ya miƙe zumbur, Dogo kuwa ya fara laluben takalmansa da ido.

Amma tsohon allo ya nufa, ya zaro alli daga aljihu. Ya rubuta, ya ja layi, ya bayyana cewa kowace ƙasa da nata suna ita kaɗai, shi ya sa ake fara shi da babban baƙi. Dogo ya ɗaga hannu ya yi tambaya, wadda ta fi amsarsa ta farko muni. Fuskar Hedimasta ta washe. Tun da ya yi ritaya, da ya taɓa alli 'ya'yansa suke watsewa.

Dogo ya koma shago ya tabbata ya faɗi. Yana zaune jugum saƙo ya shigo: "Baba ya ce bai taɓa ganin kai wayam irin naka ba, kuma ba zai bari wani gida ya samu ba. Mai digiri kuwa, wai me zai koya masa? Mama ta haƙura. Ka turo manyanka, masoyina."

Ranar aure, Hedimasta ya haɗa hannayensu, idonsa ya ciko.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu yawa," in ji shi. "Ku dai hanzarta, ɗalibi ɗaya ba ya cika aji."