Galan na Biyar

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Juma'a, Sufeto Rabi'u Gambo bai ko kurɓi shayinsa ba ya ji hayaniya a kantar ofishin 'yan sanda. Ya leƙo. Samarin unguwar Sabo ta Ibadan ne, sun fi goma, a gabansu Talha ɗan Malam Babandi, idanunsa jawur.

"Ƙara na kawo, Yallaɓai," in ji Talha. "Baba Wasiu bakanike ya sace man juyen motar masallaci, ya zuba mata yashi a inji. Shi ya kashe mahaifina."

Rabi'u haifaffen Sabo ne, ya san motar. Farar bas ce da mutanen unguwa suka yi karo-karo suka saya, tana kai marasa lafiya asibiti, tana kai gawa maƙabarta. Jiya da hantsi ta ɗauko Malam Babandi numfashi na sarƙe shi, ta mutu murus a tsakiyar cunkoson Mokola. Kafin a samo wata motar rai ya yi halinsa.

"Allah ya jiƙan Malam. Yaushe aka kai wa Baba Wasiu motar?"

"Ranar Talata. Ni kwamiti ya ɗora wa kula da ita. Ni na kai, da sabon galan."

"A gabanka ya yi juyen?"

"Na bar masa na tafi."

Wani dogo daga baya ya ɗaga murya. "In ba ku kama shi ba, ana saukowa daga Juma'a mu za mu kama shi. Har garejin!"

Baba Wasiu Bayarabe ne, garejinsa na bakin Sabo, bayan katangarsa kuwa gidajen Yarabawa ne a jere. Rabi'u bai manta yadda ƙaramar magana ta zama gobara a kasuwar Shasha shekarun baya ba, don yana cikin waɗanda suka kwashe tarkace. Da labari ya kai ga Di-Pi-O, bai tsawaita ba. "Kai ɗan unguwa ne," ya ce. "Liman zai tayar da salla ƙarfe biyu. Kafin nan nake son amsa."

An turo motar an ajiye a harabar masallaci, kusa da inda ake gina sabon wurin alwala. Rabi'u ya isa da Sajan Sakinat, suka tarar da direban motar, Manniru, zaune a dakali ya yi tagumi.

"Buɗe bonet."

Ya buɗe. Rabi'u ya kwance murfin da ake zuba mai. Ga yashi nan kuwa, fari sol, a maƙogwaron injin. Ya murza shi a yatsa, ya ji shi a bushe. Sai ya zaro gejin mai ya goga a hankicinsa. Abin da ya fito ba ya ko ɗiga, baƙi ƙirin ne mai kauri kamar kwalta.

"Manniru, wannan ne man kwana uku?"

"To, Yallaɓai, ai yashin ne ya ɓata shi."

"Ka ga an kai motar gareji ranar Talata?"

"Na gani."

"Da idonka?"

Manniru ya sosa ƙeya. "Wato... Talha ya karɓi makulli dai. Shi yake kaiwa kullum, ba ya so a raka shi."

"Ai da sai ka ce haka, ba ka ce ka gani ba. Kwanto min filtar mai."

Manniru ya shiga ƙarƙashi ya yi ta fama, yana gumi yana tsaki. Filtar ta kafe kamar an yi mata walda. Da ƙyar ta fito, duk ta yi dauɗa. Sakinat ta goge gefenta, sai ga ɗigo uku na farin fenti da lamba takwas.

Rabi'u ya duba agogo. Goma saura minti goma. A bakin ƙofar masallaci samari sun fara taruwa biyu-biyu, dogon nan na riƙe da jarka, kuma ba ruwan alwala ke ciki ba.

Garejin Baba Wasiu a rufe yake, abin da ba a taɓa gani ba ranar aiki. Sai da Rabi'u ya faɗi sunansa sau uku tsohon ya zare sakata. Shekara talatin yana gyara motocin Sabo, Hausa a bakinsa kamar Bakano, amma yau tsoro ya mai da shi Yarabancinsa na gida.

"E jo, oga! Don Allah! Ban san motar nan ba, ban taɓa taɓa ta ba!"

Rabi'u ya ɗora filtar a kan tebur. "Baba, ɗigo ukun nan fa? Duk mai mota a Sabo ya san hannunka ne. Har a motata suna nan."

Tsohon ya zube a kan tsohuwar taya. "Tsoro ne, Rabi'u. Tun jiya ake bugo min waya wai za a ƙone ni. Na aika iyalina gidan ƙanena. E, ni na sa filtar nan." Ya kai ta kusa da idonsa. "Amma dubi lambar. Takwas, watan Agusta ke nan, na bara. Wata goma sha biyar rabona da motar."

"Talha ya ce ya kawo ta Talata."

"Wallahi ban ga ƙeyarsa ba. Na ma ɗauka sun canza bakanike ne, na yi shiru."

"Wa zai shaide ka?"

"Ita." Ya nuna filtar. Ya ɗauko zarto ya yanka ta biyu, ya zaro takardar ciki ya baza a rana. Ta toshe da baƙin laka, amma ko ƙwayar yashi ɗaya babu.

"Ka gani? Da an zuba yashi inji na aiki, nan zai fara taruwa, aikinta ke nan. Wannan yashin bayan inji ya mutu aka zuba shi. Abin da ya kashe motar, tsohon mai ne. Ya daskare ya toshe hanya, ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga."

Rabi'u ya kalli ƙasan garejin. Jar ƙasa ce da baƙin mai ya jiƙe shekara da shekaru. Sakinat ta matso ta ce a hankali, "Oga, farin yashi yana can masallaci. Tsibin masu gini, taku biyu daga tayar motar."

"Na gani," in ji Rabi'u.

"Kuma ka tambayi kowa," Baba Wasiu ya ƙara. "In na yi juye, tsohon man nake ɗurawa a galan ɗin sabon, in mayar wa mai mota, ya ga da idonsa an yi. Ko kai ba haka nake ba ka naka ba?"

Haka ne. Akwai guda a bayan gidan Rabi'u yanzu haka, kafinta na jiran ya shafe katako da shi saboda gara.

Man motar masallaci kuwa mutum ɗaya ce ke bayarwa, Hajiya Haulatu mai sayar da kayan miya daga cikin gida. Tun rasuwar mijinta ta ɗauki alkawarin galan ɗaya duk wata uku, ladan ya kai masa. Ta san Rabi'u tun yana yawo ba wando, saboda haka ba ta tsaya wata Yallaɓai ba.

"Kai Rabi'u, yau da kaki a gidana? Lafiya?"

"Lafiya lau, Inna. Man da kike ba Talha, da me kike sanin an yi juyen?"

"Yaron kirki! Ai galan ɗin yake dawo min da shi. Ga su can bayan randa."

Sakinat ta jawo su. Huɗu ne. Ta buɗe ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa. Kowanne fes, sai ɗan guntun mai ruwan zuma a ƙasa.

"Kin wanke su ne, Inna?"

"In wanke su da me? Haka yake kawowa."

Rabi'u ya lumshe ido. Baiwar Allah ba ta da mota, ina za ta san yadda galan ke dawowa daga hannun Baba Wasiu?

"Na Talatar nan fa?"

"Bai kawo ba tukuna, ka ga rasuwa ta gitta. Amma ba ya ɓata. Duk wanda na saya sai na ɗiga masa jan farce a gindi, kada ya gauraya da na mutane, kayan sadaka ne." Ta yi ajiyar zuciya. "Yaron nan, ga maraici, ga motocin hayarsa biyu da yake ta fama da su. Allah dai ya dafa masa."

Sha biyu da rabi ta wuce. Daga lasifikar masallaci karatu ya fara tashi, kantuna na rufewa.

Saboda zaman makoki motocin Talha ba su fita aiki ba. Ƙananan tasi ne irin na Ibadan, suna ajiye a ƙofar gidan rasuwar. Rabi'u ya sa direban ɗayar ya buɗe bonet, ya zaro geji. Mai garai-garai, kana ganin ƙarfen ta cikinsa. Sakinat ta ɗaga but, ta ture safayar taya. Galan ne, saura rabi. Ta juya gindinsa sama.

Biyu saura minti ashirin suka shiga harabar masallaci. An cika maƙil. Samarin sun yi cincirindo a jikin farar bas, Talha a tsakiyarsu.

"Kun kama shi?" in ji dogon mai jarka.

"Saura kaɗan." Rabi'u ya jera kayansa a kan bonet: filta a yanke, galan huɗu fes, sai na biyar. Ya tsuguna ya ɗebi yashi daga tsibin magina, ya zuba kusa da wanda ya ciro daga inji. Makaho ma in ya taɓa ya san iri ɗaya ne.

"Masu motoci a cikinku, ku faɗa min. In Baba Wasiu ya yi juye, yaya galan yake dawowa?"

"Da baƙin mai a ciki," wani dattijo ya amsa. Mutane suka gyaɗa kai.

"Talha, waɗannan huɗun kai ka kai wa Hajiya. Wannan kuma a but ɗin tasinka na samo shi, ga jan farcenta. Filta ta ce rabon motar nan da juye tun Agustan bara. Ka ce min wani abu."

"Sharri ne! An haɗa baki da..."

"Manniru," Rabi'u ya katse shi, "tun safe kake haɗiye magana. Jiya a cikin motar me aka ce?"

Direban ya dubi Talha, ya dubi ƙasa. Kowa a wurin ya san Malam Babandi ya yi shekara arba'in yana jan babbar motar goro zuwa Arewa, inji bai isa ya yi masa ƙarya ba.

"Muna fita daga Sabo Malam ya ji ƙarar injin," in ji Manniru. "Yana numfashi da ƙyar, ya kamo hannun Talha ya ce, 'Motar nan kuka take. An yi mata juye kuwa?' Talha ya ce an yi, ranar Talata. Malam ya ce, 'To, alhamdu lillahi.' Bai sake magana ba."

Talha ya sulale ya jingina da taya.

"Ba ta zuwa ko'ina," ya ce. "Daga Sabo sai asibiti, sai maƙabarta. Nawa kuwa kullum suna kan titi har Ojoo. Na ce ai man nata bai sha wuya ba, in na duba geji a cike yake. Na ce sau ɗaya kawai zan ara. Da na ga ba abin da ya faru..." Ya rufe fuska. "Da aka turo ta jiya mutane suka fara tambaya. Na rasa ta cewa. Na ɗebi yashin."

"Ka ɗora wa tsoho jinin mahaifinka," in ji Rabi'u, "ka kusa cinna wa gari wuta."

Dogon ya ajiye jarkarsa a hankali, ya ja da baya kamar ba shi ya kawo ta ba.

Sakinat ta zaro ankwa. Rabi'u ya girgiza mata kai, ya kama hannun Talha ya ɗaga shi. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Baba Wasiu, ya kasa zama a gareji ya biyo su, hularsa a hannu.

"Talha," tsohon ya ce, hawaye na bin kumatunsa, "aikin minti ashirin ne fa. Motar masallaci ko sisi ba na karɓa. Babanka ne ya fara kawo min aiki a garin nan."

Talha bai iya ɗago kai ba. Ladan ya tayar da iƙama, sahu ya fara daidaita. Rabi'u ya buɗe masa ƙofar motar 'yan sanda, ya shiga ya zauna. Har suka fita daga Sabo magana ɗaya yake maimaitawa, shi kaɗai.

"Ya tambaye ni. Na ce masa an yi."