Altanetar da Deraman Ya Kwanto

Ana gab da magariba jifa na farko ya sauka a kan kwanon gidan. Mek Jah tana tsince shinkafa a baranda, ta ɗauka kwakwa ce ta faɗo. Sai na biyu, sai na uku. Ta leƙa, ba kowa a tsakar gida sai mijinta Deraman, rabin jikinsa cikin bakin a-kori-kurar da yake kai kifi kasuwa da ita.

Tun farkon damina batirin motar ya daina ɗaukar caji. Ya ɗaure fambel, ya kankare kawunan batir, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya ce altaneta ce ta mutu, wato na'urar da ke ba batir caji, ya je bayan gonar roba ya kwanto wata daga mushen motar da ciyawa ta cinye. Ita ma shiru. Jar fitilar batir da ke gaban direba ba ta mutuwa, kullum sai maƙwabta sun tura shi.

A makon da ya kwanto altanetar ne 'yarsu Salmiah ta daina cin abinci. Da rana ta yi sanyi sai ta fito ta kwantar da kumatunta a kan murfin injin, tana wata waƙa da muryar tsohuwa. Mek Jah ta gaji da kuka, ta gaji da kwashe duwatsu daga rufi. Ta aika aka kira Tok Leman, malamin da ke ruƙiyya a ƙauyen.

Ya zauna a tabarma ya daɗe yana karatu. Iska ta tsaya. Can yarinyar ta ɗago kai.

"Ya isa, Malam. Ni ma a gajiye nake," ta ce da muryar tsohuwar.

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ita ba, ubanta. Da bishiya gare ni, aka sare. Na koma mushen mota na zuba 'ya'yana cikin jar wayar nan ta altaneta. Ya zo da almuru, ba sallama, ba neman izini, ya kwance mana ɗaki ya sa a buhu. Yanzu kullum sai ya juya min yara har su yi amai."

"Wutar motar fa?" in ji malamin.

"Su suke sha. Me za su ci?"

Deraman ya sunkuyar da kai. Tun yana yaro ya san ba a ɗaukar ko tsinke a kango sai an yi wa masu wurin magana. Sauri ne ya ci shi.

"A bar min motar duka," in ji muryar.

Malamin ya ce, "Ba ki isa ba. Ɗakinki kawai za a mayar miki, ki saki 'yar mutane."

Muryar ta yi ajiyar zuciya. "A kafaɗa zai kai. A hankali, kada ya jijjiga."

"Malam," Deraman ya ce ƙasa-ƙasa, "to kifin gobe fa?"

Mek Jah ta miƙe, ta ɗauko sifana ta danƙa masa a hannu.

"Baban Salmiah, bar kifi ya ruɓe. Tashi."

Ya kwance altanetar ya sa a buhu. Yana fita da buhun a kafaɗa, yana ta sallama ga abin da ba ya gani, yarinyar ta sulale jikin uwarta. Jikinta ya yi ɗumi. Mek Jah ta jingina da bango, ba ta motsa ƙafarta da ta sage ba, don kada ta tashe ta.