Rariya Mai Jan Zare

Amarya na cusa 'yar tukunyarta da rariyarta cikin akwati sai surukarta ta leƙo ɗakin.

"Ikon Allah! Hutu za mu ko ƙaura? Hannuna ne ke da dauɗa da ba kya cin girkina?"

"Ba haka ba ne, Mama," ta ce, kanta a ƙasa. "Likita ya ce siliyak gare ni. Ko ƙurar garin alkama ta shiga cikina, hanjina ne zai ji jiki."

"Ciwon 'yan gayu! Auta, ka auro mana tsirfa."

Mijin ya yi dariyar yaƙe, bai ce uffan ba. Shirun nan nasa ya fi maganar Mama yi mata ciwo.

A gidan da suka kama a bakin teku, kowa na yagar burodi ana raha, ita tana gefe da 'yar shinkafarta kamar baƙuwa. Mama ko kallonta ba ta yi.

Wata safiya kwatsam sai ga Mama da faranti, zufa na tsatsafo mata a goshi.

"Ungo. Kek ne na garin shinkafa zalla, da hannuna na tankaɗe miki."

Idon Amarya ya sauka kan rariyar da ke hannun Mama. Ita ce aka tankaɗe fulawa da ita jiya, bakinta fari fat! Ta dubi mijinta. Shi ma ya gani, amma ya kau da kai.

Ta ɗauka ta ci, tana murmushi, ƙwalla na cika mata ido.

Kafin azahar tana murƙususu, amai ba ƙaƙƙautawa. Hutun ya ƙare mata a gadon asibiti, ana yi mata ƙarin ruwa.

"Sori, Masoyiya," in ji mijinta. "Na ga rariyar, na yi shiru."

"Ni ma na gani, Yaya. Amma tun da na shigo gidanku, yau ne Mama ta fara miƙo min abu da hannunta. Ta yaya zan mayar?"

Ya miƙe ya fita. A ranar ya zaunar da mahaifiyarsa ya faɗa mata abin da ya kamata ya faɗa tun farkon aurensu.

Washegari Mama ta shigo, idanunta sun kumbura. Ta ajiye sabuwar rariya a kan gadon, an ɗaura mata jan zare.

"Wannan taki ce, alkama ba za ta taɓa ta ba ina raye. Ki yafe min... ki koya min, 'yata."

'Yata! Amarya ta kifa fuskarta a cinyar Mama ta fashe da kuka.

Mahaƙurci mawadaci ne, gaskiya. Amma namijin da ke son matarsa ba ya barin ta haɗiyi cuta saboda kara, alhali kalma ɗaya daga bakinsa ta isa.