Ƙwayoyin Gero a Kan Taswira

"Yatsa biyu ne fa, Siddiƙa. Duba ki gani."

Musaddiq ya shimfiɗa taswirar a kan gado, ya ɗora yatsunsa biyu a kan shuɗin da ya raba Libiya da Italiya. Murmushi yake yi, irin wanda yake yi idan ya san ba shi da gaskiya.

"Kai da bakinka ka koya min yatsa ɗaya a takarda tafiyar kwanaki ce a ƙasa," ta ce. "Yau kuma ni za ka rufe wa ido da yatsa biyu?"

"Hasken idona..."

"Kar ka kira ni da wannan sunan yau."

"Wata bakwai ke nan da rufe makarantarmu. Zaman me nake yi a Daura?"

"Zaman Inna. Zamana."

Ya mayar da idonsa kan taswirar. A tsakar gida mahaifiyarsa, Inna Laraba, tana laluben butarta. Shekara uku ke nan da idonta ya tafi, kuma shi kaɗai ne ɗan da Allah ya bar mata.

Malamin labarin ƙasa ne Musaddiq, kuma da wannan sana'ar ya yi zance. Samari suna zuwa wa 'yanmata da turare da tsire, shi kuwa da tambaya yake zuwa. "Babban birnin Mali?" Ta ce Bamako. "Na Masar?" Ta ce Alƙahira. In ta faɗi daidai ya ce ta ci zuciyarsa, in ta kuskure ya ce duk da haka ta ci. Ƙawayenta sun yi ta yi mata dariya, wai ta samo miji mai jarrabawa. Ita kuwa son shi take yi, so mai tsanani wanda ba ta iya ɓoye shi ko a gaban manya.

Ranar Talata da hantsi ya hau mota zuwa Kongolam, bakin iyakar Nijar. Taswirar kaɗai ya bar mata, da alkawarin zai riƙa kira daga kowane gari.

Ya kuwa cika. Kiran farko daga Damagaram ya zo. Inna ta saurari muryarsa har ya gama, sannan ta juyo da fuskarta wajen da take jin ƙarar awarwaron surukarta.

"'Yar nan, ina ne yake yanzu? Nuna min."

Ta yaya ake nuna wa makauniya takarda? Siddiƙa ta yi tunani, ta tashi ta jiƙa ƙaro, ta ɗebo gero a kwano. Ta manna ƙwaya ɗaya a kan Daura, ɗaya a kan Damagaram, ta kamo yatsan Inna ta bi da shi daga wannan zuwa waccan.

"Af, ashe kusa ne," Inna ta ce, tana dariya.

Daga nan abin ya zame musu al'ada. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, a buɗe taswira. Agadas ta samu ƙwayarta. Sabha ta samu tata. Inna, wadda ba ta taɓa wuce Katsina ba, ta haddace cewa Yamai ce babban birnin Nijar, Tarabulus kuma na Libiya, har tana gyara wa maƙwabta idan sun shigo gaisuwa.

Daga Tarabulus ya yi kiran ƙarshe. Iska tana ta kaɗa muryarsa.

"Gobe za mu shiga ruwa. Ki yi min addu'a, hasken idona. Babban birnin Italiya?"

"Rum," ta ce, hawaye na bin kumatunta.

"Kin ci zuciyata."

Kwana tara babu labari. A na goma Munzali, abokin tafiyarsa ɗan Baure, ya kira ta da azahar. Kuka yake yi har maganar ba ta fita sosai. Jirgin roba ne, an cika shi ya wuce kima, ya kife a tsakiyar teku. Mutum goma sha ɗaya aka tsamo da rai. Musaddiq ba ya cikinsu, kuma shi Munzali ya ga lokacin da ruwa ya rufe shi.

Siddiƙa ba ta yi ihu ba. Tana cikin kicin ne, ta cusa bakin mayafinta a baki ta durƙusa a gaban murhu, don Inna tana kwance a ɗakin da ke jikin bangon.

Kawu Audi, ƙanin Inna, shi ta fara kira. Ya zo ya tsaya a zaure, ya daɗe yana salati kafin ya iya magana.

"Kin san abin da likita ya ce kan hawan jininta. In ta ji wannan, sai mu yi rashi biyu."

"To Kawu, ƙarya zan yi mata?"

"Lallaɓa ta za ki yi, har ta ƙara ƙarfi. Addu'a a gidana za a yi. Na ja kunnen kowa."

A ranar ta cire awarwaronta ta zuba a kwalla. Ta ajiye kwalli, ta ajiye lalle, ta tura kwalaben turarenta ƙarƙashin gado. Ta shiga takaba a gidan da ba a yarda an yi mutuwa ba. Da la'asar ta wanke fuska, ta shimfiɗa tabarma.

"Ya sauka lafiya, Inna. Yana Rum. Saƙo ya rubuto, wai kira yana da wuya a can."

Inna ta miƙo yatsa.

"Alhamdu lillahi. Manna min."

Haka Siddiƙa ta koma ɗalibar mijinta bayan ba ya duniya. Ta ciro tsofaffin littattafansa tana karantawa da safe, don ta samu abin faɗa da yamma. Ta koyi cewa Faris ce babban birnin Faransa, kuma kogi ya ratsa ta tsakiyarta. Ta koyi cewa a Holan akwai ƙasar da ta fi teku ƙasa, sai da aka yi mata ganuwa. Duk sati biyu takan ɗaga shi daga wani birni ta kai shi wani, saboda ba ta iya ƙirƙiro masa ɗaki da maƙwabta da aikin yi. Sunan gari da kogi ne kawai take da su, su kuma gaskiya ne.

"Can akwai sanyi?"

"Sosai, Inna."

"To Allah ya sa ya samu bargo."

Irin wannan maganar ita ke kashe ta. Sai ta ce za ta duba tukunya, ta ɗauki taswirar ta shige ɗaki, ta kifa fuskarta a kan shuɗin nan ta yi kukan da ba shi da sauti. Tana jin haushin Kawu, tana jin haushin Musaddiq da yatsunsa biyu, ta fi jin haushin kanta. Ta hana uwa yi wa ɗanta addu'ar da ake yi wa mamaci, kuma ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mahaifiyarta ta zo daga Dutsi ta ga yadda ta rame, ta ce ta tattara ta biyo ta gida. Siddiƙa ta girgiza kai. In ta tafi, wa zai kama yatsan Inna?

Wata Alhamis da la'asar ta shimfiɗa tabarma kamar kullum, ta ajiye kwanon gero.

"Yau ya shiga Jamus, Inna. Babban birninsu Balin."

Inna ba ta miƙo yatsa ba. Bakin zanenta ta kwance, ta ciro wata 'yar kwalbar turare, ta laluba har ta samu tafin hannun Siddiƙa ta saka a ciki.

"Ki yi wanka ki shafa. Yau kin fita."

Siddiƙa ta damƙe kwalbar a hannunta.

"Inna... fita daga me?"

"Wata huɗu da kwana goma. Na ƙirga." Muryar tsohuwar ba ta rawa. "Ido ne ba ni da shi, 'yar nan, hancina da kunnena suna nan. Ke da tun daga zaure nake jin awarwaronki, ke da ko tabarma kika zauna sai ta kwana tana ƙamshi. Rana ɗaya duk suka ɗauke. Macen da mijinta ya sauka lafiya ba ta ajiye turare."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" Kuka ya ci ƙarfinta. "Me ya sa kika bar ni ina yi miki ƙarya?"

"Na ji yadda muryarki take idan kina kiran garuruwan nan. Lokacin ne kawai kike magana kamar mai rai. Na ce in na karɓe miki su, da me za ki tashi da safe?" Ta share idonta da gefen mayafi. "Addu'arsa kuwa tun ranar nake yi. Ban fasa ko sau ɗaya ba."

Siddiƙa ta faɗa jikinta. Suka yi kukan da kowacce ta ɓoye wa 'yar'uwarta wata huɗu, har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga.

Da suka lafa, Inna ta jawo taswirar da kanta. Ta sa yatsa a kan Daura, ta bi gero ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunayen a hankali. Damagaram. Agadas. Sabha. Tarabulus. Daga nan yatsan ya shiga filin da babu ƙwaya ko ɗaya, ya tsaya a inda takardar ta jiƙe ta bushe sau da yawa har ta yi kaushi.

"Nan ne, ko?"

"Nan ne, Inna."

Tsohuwar ta auna wurin da yatsunta biyu, ta daɗe ba ta ɗauke su ba. Sannan ta miƙa ɗaya hannun.

"Ba ni gero ɗaya. Wannan ni zan manna."