Fitilar da Célestin Bai Kunna Ba

Da hantsin Asabar, takwas ga Afrilu, 1950, aka yaye ƙyallayen shunayya da ke lulluɓe da mutum-mutumai a wata tsohuwar coci ta birnin Troyes, kamar yadda aka saba kowane jajiberen bikin Ista bayan mako biyu na makoki. Da aka zo kan na Maryamu, wadda aka sassaƙa rungume da gawar ɗanta, sai aka tarar da kututturen icen girki naɗe cikin tsohon bargo.

Sassaƙar katako ce, ba ta kai kamu biyu ba, aikin wajen shekarar 1510. Ta tsira daga gobarar 1524 wadda ta cinye babban yanki na birnin, ta tsira daga juyin juya hali da yaƙe-yaƙe biyu. Tun dokar 1905 kuwa, cocin da kayan tarihinta mallakar hukuma ne, saboda haka ko Fada ya yafe wa ɓarawon, kotu ba za ta yafe ba.

Sufeto Gaspard Vauthier ya iso yayin da hasken tagogin gilashi masu launi ke zuba ja da shuɗi a kan daɓen dutse. Ya duba ƙofofin uku, babu wadda aka ɓalle.

Ya tambayi Fada Anselme, "Ina Baba Célestin? Ai shi ne mai makullai."

Fada ya sunkuyar da kai. "Na aika gidanka, aka ce ka fita. Mama Léontine ta cika da asuba."

Gaspard ya dafa benci. Célestin Roblot da matarsa Léontine su suka riƙe shi tun yana maraya ɗan shekara tara, ɗaki ɗaya da ɗansu Aubin. An kwashi Aubin zuwa aikin tilas a Jamus a 1943, kuma ko gawarsa ba ta dawo ba. Sufeton ya ciro littafinsa.

Kwamishinan 'yan sanda ya riga ya sa an tsare Firmin Lacaille, mai zagayawa da baƙi yana nuna musu kayan tarihi, don an taɓa ɗaure shi kan fasa-ƙwauri. Gaspard ya same shi a ɗakin ajiyar tufafin ibada, ɗan sanda na gadinsa.

"Yaushe rabonka da sassaƙar?"

"Ranar da aka lulluɓe ta. Tun daga nan ƙyalle nake nuna wa Turawan Ingila, ina rantse musu da kyau a ciki." Firmin ya girgiza hannun rigarsa na hagu, wanda babu kome a cikinsa tun 1940. "Yallaɓai, dubi tsayin gurbin nan. Da wanne zan riƙe tsani, da wanne zan rungumo ta? Ko da haƙori?"

Gaspard ya jinjina kututturen, ya ji nauyinsa, ya soke sunan Firmin a ransa. Amma ya san Kwamishina ba zai sake shi ba sai an kawo masa wani.

Na biyu cikin waɗanda ake zargi shi ne Delorme, dillalin kayan tarihi daga Paris, wanda ya daɗe yana zawarcin sassaƙar. Fada ya shaida cewa har ranar Alhamis mutumin yana naci a ɗaga masa ƙyallen ya leƙa, har ya kai hannu aka tsawata masa. Wanda ya ajiye kututture ba zai roƙi a tona shi ba.

Saura Madam Pichot, tsohuwar da ke jera kujeru da sayar da kyandir a bakin ƙofa.

"Gaspard, kai ne ka zama sufeto har da littafi? Ni na sha kama ka kana lasar kakin kyandir."

"Goggo, me kika gani a makon nan?"

"Sakaci na gani. Tun Litinin fitilar gaban Maryamu take a mace. Na ce wa Célestin, tsoho, ka makance ne? Ya ce mai ya ƙare. Ƙarya a cikin coci, alhali sauran fitilu shida suna ci, kuma tulu ɗaya suke sha."

"Sai me?"

"Shekara arba'in bai taɓa gifta gurbin nan bai rusuna ba, ko da tsintsiya a hannunsa. Makon nan wucewa yake kamar bango ne. Na ce ciwon matarsa ne ya ɗauke masa hankali."

Gaspard ya rufe littafin a hankali. Ya so a ce bai yi tambayar ba.

Gidan Célestin yana wani lungu mai tsofaffin gidajen katako. An tsai da agogon bango, an rufe madubi. Célestin yana zaune kusa da gadon, sanye da baƙar rigarsa ta Lahadi. Léontine na kwance, an gyara mata gashi, kuma a gefenta akwai wani tudu a ƙarƙashin mayafi.

"Baba, Allah ya ba mu haƙuri."

"Amin, ɗana. Gaisuwa ka zo, ko aiki?"

"Duka biyu." Gaspard ya cire hularsa. "Ɓarawo zai so kome ya zauna yadda yake, har fitilar, don kada a lura. Mutum ɗaya ne ya san icen girki ne a bayan ƙyallen, kuma zuciyarsa ba za ta bar shi ya kunna wa ice fitila ko ya rusuna masa ba. Ka iya ɗauke ta, Baba, amma ka kasa yin wannan."

Tsohon bai musa ba. Ya janye mayafin. Sassaƙar na nan lafiya, yatsun Léontine a damƙe da hannun ɗan da ke kwance a cinyar uwarsa.

"Kowace Asabar Léontine ke goge ta, har ƙafafu suka ƙi. Ran Lahadi ta ce mini, 'Célestin, ita dai an ba ta gawar nata ta riƙe.' Ba ta sake magana ba. Na ce a raina, ai ƙyalle ya rufe, ba mai nema sai Asabar. Na yi niyyar mayarwa yau da asuba. Ina miƙa hannu sai numfashinta ya sauya." Ya dubi yatsun matarsa. "Daga nan na kasa ɓamɓare ta daga hannunta."

"Me ya hana ka tambayi Fada?"

"Da ya ce ba tasa ba ce, sai an rubuta wa Paris. Léontine ba ta da kwanan jiran Paris."

Gaspard ya dubi taga. Zai iya lallaɓawa ya ajiye ta a bayan wani ginshiƙi, ya ce tsinta ya yi. Amma sai a ce Firmin ne ya tsorata ya yar, zargin ya bi shi har kabari.

"An tsare Firmin, Baba."

Célestin ya ɗago kai da sauri. "Mai hannu ɗayan? A'a. Rubuta sunana." Ya ciro damin makullan daga aljihu, ya ɗora a kan littafin sufeton. "Alfarma ɗaya: a bar ni in raka Léontine makwancinta."

"Talata zan zo, bayan an rufe ta. Ka sa kwat mai kauri, ɗakin da ake tsare mutane da sanyi."

Sannan Gaspard ya durƙusa, ya shiga buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, yatsun da suka sha ɓalla masa maɓallin riga zai tafi makaranta. Ya rungumi sassaƙar, ya nufi ƙofa. A waje ƙararrawar cocin birnin, wadda ta yi shiru tun Alhamis, tana ta kaɗawa.

Tsohon ya ce daga bayansa, "Gaspard, idan ka ajiye ta, ka kunna fitilar. Tulun man yana bayan ƙofa."