Abin da Ya Biyo Jar Waya

A ƙauyenmu da ke bayan garin Tešanj, magaribar hunturu ba ta sallama, faɗowa kawai take yi. A irin wannan yamma ce Refik ya fito zai kai matarsa Razija dubiya. Ya murɗa makullin mota, ta yi ɗan tari ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ko tarin ma babu. Da ya duba, ashe fitilunta a kunne suka wuni, shi kuwa ya rantse da hannunsa ya kashe su.

Bai rufe baki ba sai ga ƙanensa Hajro, wanda shinge kaɗai ya raba gidajensu, ya shigo da tasa motar, wayoyin jona batir a kujerar gaba. Hajro fa mutum ne da ko shebur ka ara sai ya biyo ka ya ga inda za ka haƙa. Ranar kuwa ba a ma roƙe shi ba.

"Yaya, buɗe bonet in ba ka wuta."

Razija ta ce, "Ku bari a yi sallah mana. Ko destur ba ku ce ba." Destur ita ce kalmar da muke neman iso da ita wurin mutanen ɓoye idan rana ta faɗi.

Hajro ya yi kamar bai ji ba. Ya maƙala jar waya a kan batir ɗin biyu, ya maƙala baƙar a nasa, ɗaya bakin kuma a jikin ƙarfen injin yayansa. Motar ta tashi. Ya fara cire baƙar, kamar yadda kowa yake yi, sannan ya naɗe ta da sauri. Refik ya cire jar ya miƙa wa 'yarsa Senada ta riƙe masa, ya rufe bonet. Yarinyar ta ce, "Baba, da ɗumi."

Kashegari da magariba duwatsu suka fara sauka a kan rufin gidan, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Waɗanda suka gangaro tsakar gida sai su narkar da ƙanƙarar da suka faɗa a kai. Daga baya aka fara jin kukan mota mai son tashi tana kasawa, alhali makulli yana aljihun Refik. Senada ta daina cin abinci. Da an kira sallah sai ta fita ba takalmi, ta zauna a kujerar baya, tana kallon shingen baffanta har duhu ya rufe ta.

Hajro kuwa, wanda tun kaka yake ramewa ba a san ciwonsa ba, sai ga shi ya yi kumatu. Amma ko sannu bai tsallako ya yi ba. Abin ya sosa wa Refik rai, sai dai ya ce tsoro ne.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka ɗauko Hoja Sakib, tsohon malamin da ke ƙetaren rafi. Ya ƙi kofin da aka kawo masa. Ya zauna gaban yarinyar bayan sallah, ya yi ta karatu a hankali, har wutar murhu ta kwanta. Can sai Senada ta ɗago kai, muryar da ta fito ta wani tsoho ce mai gajiya.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Hannunta na tarar a bakin hanya."

"Wace hanya? Ku da ƙarfe ba kwa shiri."

"Bakin wayar ne ƙarfe. Cikinta tagulla ce." Muryar ta ja numfashi. "Mai ɗaya motar ya take mini ɗa a kwanar tsohuwar bishiya, da magariba, ko destur bai ce ba. Tun daga ranar nake motarsa, nake ƙirjinsa. Sai ya je wurin wata mata, ta ce masa ya jona da motar jininsa, ya ba ta wuta, zan bi wutar. Ta jar na shigo. Baƙar ce hanyar komawa, ita ya fara cirewa."

Refik ya ce, "Ƙarya ne. Taimako ya zo yi."

Kan Senada ya juyo gare shi. "Wa ya kunna maka fitilu da rana?"

Razija ta rufe fuska da gyalenta.

Aljanin ya ce a sake jona motocin ya koma wurin mai laifinsa. Hoja Sakib ya ce shi ba ya ɗauke cuta daga wani gida ya sauke a wani. Suka ja, suka ja, har aljanin ya yarda a mayar da shi inda ɗansa yake. Aka ciro batir ɗin motar Refik aka ajiye a tsakar ɗaki, aka maƙala masa waya, Senada ta riƙe ɗaya bakin. Malam ya ci gaba da karatu. Jikinta ya yi rawa, sannan ya saki, ta kwanta a cinyar uwarta tana cewa yunwa take ji. Malam da kansa ya ɗauki batir ɗin zuwa gindin bishiyar, ya ce kada kowa ya waiwaya.

Da safe Refik ya je bakin shinge. Hajro yana faskare, da ya gan shi ya ajiye gatari. Refik bai ɗaga murya ba. Shi ya goya wannan yaron bayan rasuwar ubansu, kuma har a lokacin yana fatan ya musa.

"Hajro, kai ka kunna fitilun?"

Hajro ya dubi itacen da ke gabansa, idonsa ya kawo ruwa.

"Wallahi Yaya ban nufi Senada ba. Na ɗauka a kanka zai sauka."