Suna Ɗaya, Rumbu Biyu

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safiyar Litinin wayar sashen laifukan kwamfuta ta yi ƙara. Babban likitan asibitin ido ne da kansa. Ya ce wani ya shiga ma'ajiyar bayanansu ta sirri, inda ake ajiye sunayen mamatan da suka bar idanunsu kyauta, da sunayen waɗanda aka dasa wa.

Sufeto ta ture shayinta gefe. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, ba ta da yawan magana. Ta leƙa ƙofa ta ce wa Sajan ya fito da mota.

Sun tarar da likitan yana kai da komo a ofishinsa.

"Fayil nawa aka kwashe?" ta tambaye shi.

"Dubu goma sha ɗaya ne a ciki, ranki ya daɗe. Ɗaya aka buɗe."

"Ɗaya tak?"

"Ɗaya. Wata huɗu ke nan, sai jiya mai duba mana na'urori ya gano. Ƙofar da aka bi ta cikin manhajar kuma har yanzu a buɗe take."

"Fayil ɗin waye?"

Likitan ya girgiza kai. "Doka ta hana. Dangin mamaci ba sa sanin wanda aka dasa wa, shi ma ba ya sanin su. Sai da takardar kotu."

Sajan, wanda ya kusa ritaya kuma ya san kowane magatakarda da sunan 'ya'yansa, ya ce zai samo ta kafin Laraba. Sufeto ta tambayi wa ya haɗa wa asibitin manhajar. Aka ba ta adireshin wani ƙaramin kamfani a saman shagon sayar da kujeru.

Ɗaki ɗaya ne dogo, tebur tara, fanka biyu, ɗaya ta mutu. Manaja ya tarbe ta yana goge gumi.

"Mu ba mu da ɓarawo a nan. Gida ɗaya muke."

"Ban ce kuna da shi ba. Wa zai nuna mini yadda kuke aikin?"

Aka kira wani injiniya da kowa ke ce wa Dogo, ko da yake da kyar ya kai kafaɗarta. Ya jawo mata kujera gaban kwamfutarsa.

"Ki ɗauka manhajar nan kaya ce," in ji shi. "Muna ɗaure ta cikin akwati da duk abin da take buƙata, mu tura wa asibiti. Akwatin muke ce wa kwantena. Amma ba daga ƙasa muke farawa ba. Akwai harsashi da aka riga aka gina, mu sai mu ɗora namu a kai. A layin farko na takardar haɗi muke rubuta sunan harsashin, manhajar haɗi ta je rumbu a intanet ta ɗauko."

"To ina matsalar?"

"Tun safe nake kan abu ɗaya. Dubi." Ya buɗe taga biyu. "Takarda ɗaya ce, ko harafi ban sauya ba. Na haɗa da tsohuwar manhajar haɗi a kwamfutata, akwatin ya fito tas. Na haɗa da sabuwar da ke kan na'urar ofis, ya fito da baƙo a ciki, wata ɓoyayyiyar ƙofar shiga."

"Me ya sa?"

"Mun rubuta sunan a gajarce, ba mu faɗi rumbun ba. Tsohuwar in ta ga gajeren suna, babban rumbun waje take nufa kai tsaye, ba ta san wani ba. Sabuwar kuwa jeri take dubawa, ta bi rumbunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta fara samun sunan a ciki, shi ke nan."

Sufeto ta gyaɗa kai. "Kamar ka aiki mutum biyu su kira maka Tela. Ɗaya ya tafi kasuwa, ɗaya ya fara leƙa maƙwabta."

"Haka ne wallahi! Kuma a jerinmu rumbun ofis ne a sama. Wani ya ajiye harsashin bogi a ciki, da suna iri ɗaya."

"Da asusun wa aka ajiye?"

Dogo ya danna, ya duba, fuskarsa ta sauya. "Nawa."

"Ka ba wani kalmar sirrinka?"

"Ban taɓa ba."

Ta ɗaga allon rubutun kwamfutarsa. A ƙarƙashi akwai 'yar takarda manne, an rubuta haruffa da lambobi. Dogo ya sunkuyar da kai. Ya ce makon bikinsa ne ya manna ta don masu riƙe masa aiki, ya manta bai cire ba. Ranar da aka ajiye harsashin yana can ana ɗaura masa aure. Duk ofishin sun san da takardar.

Ta koma wurin Manaja.

"Yaushe kuka koma sabuwar manhajar haɗi?"

"Wata huɗu da suka wuce."

"An ajiye harsashin bogin mako ɗaya kafin nan. Da kun zauna kan tsohuwar, da har yau yana kwance ba wanda ya taɓa shi. Wanda ya ajiye ya san za a sauya. Shawarar wa ce?"

"Tawa ce. Ni kaɗai."

"Kawo mini littafin taro."

Ya kawo ba don yana so ba. Ta bi shafukan da yatsa. A taro uku a jere, mutum ɗaya ne ya kawo maganar sauyin, kuma ba Manaja ba ne. An rubuta shi da sunan da ofishin ke kiransa: Kawu.

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

Manaja ya rage murya. "Da shi na buɗe wurin nan. Shi ya koya wa yaran nan duka. Bara ya yi rashi, tun daga nan bai dawo daidai ba. Ban so a dame shi."

Teburin Kawu na can ƙarshe, bakin taga. Mutum ne siriri mai furfura, rigarsa ta yi masa yawa. Ya miƙe ya gaishe ta da ladabi.

"Kai ka tsara jerin rumbunan?"

"A'a, ranki ya daɗe. Haka ya zo da manhajar."

"Rumbun ofishinku ya zo a cikin manhajar da aka yi wa duk duniya?"

Ya ɗan yi murmushi. "Wataƙila ɗaya daga cikin yaran ya ƙara. Tsufa, ba na riƙe komai."

Aljihun teburinsa a buɗe yake kaɗan. Ta hango agogon hannu guda huɗu a jere, dukansu suna tafiya, dukansu lokaci ɗaya. Ta yi masa sallama.

Ranar Laraba da hantsi Sajan ya shigo da takardar kotu. Likitan ya buɗe fayil ɗin a gabansu. Wanda aka dasa wa wani dattijo ne mai gyaran agogo. Wadda ta bayar kuwa malamar makarantar firamare ce, mai shekara arba'in da tara, mota ta kaɗe ta a hanyar dawowa daga aiki. A layin mijinta an rubuta sana'arsa: injiniyan kwamfuta.

Likitan ya jawo wasu takardu uku daga baya. "Ya rubuto mana sau uku. Ba suna yake nema ba, wai a miƙa masa wasiƙa kawai. Mun ce doka ba ta yarda ba."

Shagon mai agogo ɗan ƙarami ne, tsakanin kantin magani da wurin wanki da guga. Dattijon na zaune bayan gilashi, da ƙaramin madubin aiki maƙale a ido ɗaya.

"Baba, sannu da aiki. Yaya idon?" in ji Sufeto.

"Alhamdulillahi, 'yata. Shekara shida ina zaune a gida, jikokina ke ja na. Yanzu ƙusar da ta fi ƙwayar yashi ƙanƙanta ina ganinta."

"Akwai wani sabon mai kawo maka aiki a 'yan watannin nan?"

Ya yi dariya. "Ai kin zo kan mutumina na Alhamis. Kowane mako sai ya zo da agogo, kuma ban taɓa samun ko ɗaya da ciwo ba. In ce masa, bawan Allah, wannan lafiyarsa ƙalau. Ya ce dai a duba. Sai ya zauna a kujerar can, ba ya kallon agogon, ni yake kallo. Da farko na ɗauka jami'in haraji ne."

"Yana magana?"

"Kaɗan. Rannan ya tambaye ni ko hasken rana na damuna. Na ce a'a. Ya ce to madalla, ya juya ya share fuska."

A mota Sajan ya ce, "Mu je ofis mu ɗauko shi?"

"A'a. Gobe Alhamis."

Washegari ƙarfe ɗaya da kwata, lokacin hutun rana, Kawu ya shigo shagon da agogo a hannu. Ya ga Sufeto zaune a kujerar da ya saba zama. Ya tsaya. Bai juya ba, bai yi yunƙurin gudu ba.

"Na san za ki zo," in ji shi. "Tun da kika kalli aljihun tebur."

"Zauna, Kawu."

Ya zauna a bakin benci, ya ɗora agogon a gwiwarsa.

"Kai ka ajiye harsashin?"

"Ni ne. Ni na matsa a sauya manhaja, ni na sa rumbunmu a saman jeri. Na san tsohuwar ba za ta taɓa leƙa shi ba. Yaron nan Dogo ba shi da laifi, ki rubuta wannan da kyau. Takardarsa na yi amfani da ita, kuma ina jin kunyarsa."

"Shekara nawa kuka yi da matarka?"

"Ashirin da shida. Ba mu haihu ba. Ni da ita ne kawai a gidan." Ya juya agogon a hannunsa. "Ita ta cika takardar kyautar, ina yi mata tsiya. Na ce wa zai so idon da ya gaji da duba littattafan yara? Ta ce ai shi ya sa, ya saba da haƙuri."

Mai agogo ya cire madubinsa a hankali ya ajiye.

"Na san abin da aka dasa," Kawu ya ci gaba. "Tantanin gaban ido ne kawai, ba shi da launi, kamar gilashi. Ni injiniya ne, na karanta komai a kai. Ba kallonta ba ne. Amma duk abin da ya rage nata yana ƙarƙashin ƙasa, sai wannan. Shi kaɗai ne har yanzu haske ke ratsawa."

Sufeto ta kawar da kai zuwa titi. Shekara uku da rasuwar mahaifiyarta, lambar tsohuwar na nan a wayarta, ta kasa gogewa. Sannan ta juyo ta dube shi.

"Ka bar ƙofa a buɗe wata huɗu. Mutum dubu goma sha ɗaya. Da wani ya riga mu ganinta fa?"

"Na yi niyyar rufewa. Kullum sai in ce gobe. In na zo rufewa, sai in ji kamar matata zan sake rufewa a kabari." Ya miƙo hannayensa biyu. "Ba ni da hujja, ranki ya daɗe."

Sajan, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya kalli Sufeto. Ta girgiza kai.

Sai dattijon ya zagayo daga bayan gilashi. Ya tsaya gaban Kawu, ya dafa kafaɗunsa, ya buɗe idanunsa sosai.

"Na dama ne," ya ce. "Kalla da kyau, ɗana. Ba sai ka kawo agogo ba."

Kawu ya ɗaga kai. Sun daɗe a haka. Ba a jin komai a shagon sai tafiyar agogunan bango. Hawaye na bin furfurar gemunsa bai share ba.

"Me ta fi son kallo?" dattijon ya tambaya.

"Yara in an tashi makaranta. Sai ta tsaya a bakin ƙofa har na ƙarshe ya wuce."

"Akwai makaranta a bayan layin nan. Ƙarfe biyu suke fitowa. Zan riƙa fita."

Kawu ya kama hannun tsohon da hannu biyu. Daga nan ya miƙe da kansa.

Sajan ya buɗe masa ƙofar baya, ya shiga ya zauna. Sufeto ta karanta masa laifinsa da haƙƙinsa, ya amsa da kai. Da motar ta tashi bai waiwaya ba. Sai da suka kai kwana ya ce, a hankali:

"Ki gaya wa Dogo ya rubuta cikakken sunan rumbu a layin farko. Daga yau kada ya sake gajarta shi."

Sufeto ta ciro biro ta rubuta.